Lamba Arba'in da Bakwai

A rumfar Gambo mai cajin waya, bakin Farin Gada,
na ji kiɗan buɗe shirin, ga kwandon karas a kaina,
sai ƙafa ta ƙi gaba.
Shekara goma sha ɗaya kiɗan nan yana kwance,
kamar canjin da aka manta a aljihun rigar sanyi.
Suka ce Muryar Tsauni ta dawo.
Na ce sannu da zuwa, ina kika baro mu?

Mu biyar muka rage a wancan zango:
ni, da Nanret mai murya kamar ruwan Assop,
da Dalyop, wanda ba ya waƙa sai ya rufe ido,
da Balaraba 'yar Gangare,
da wani ɗan Bukur da sunansa ya ɓace mini,
tarinsa dai bai ɓace ba.
Saura mako biyu a ɗaga hannun gwani,
kamfanin lemo ya naɗe tabarmarsa.
Aka ce mu je gida, za a kira mu.
Har yau ban sauya lambar wayata ba.

Nanret tana aikin jinya a Langtang.
Dalyop yana jan tifar yashi, idonsa biyu a buɗe.
Ni kuwa ban jingine murya ba:
Kabeji! Karas! Ga latas na safe!
Daga wannan bakin kasuwa har wancan
ana jina ba lasifika.
Alƙalin da ya ce numfashina gajere ne,
ya zo ranar da motar Bokkos ta sauke kaya.

Yanzu fitilu sun ƙaru, dandamali na walƙiya,
yaron da ke naɗe mana wayar makirufo
shi ne a kujerar tsakiya,
da baƙin tabarau cikin dare, yana girgiza kai.
Ba sa ɗaukar wanda ya haura talatin.
Na tambaya. Ba don komai ba.

Kyauta ce ta same ni, yarinyar da ke wanke mini karas,
hannunta ya yi fari fat don ruwan sanyi.
Ta ce, Inna, gobe ba zan zo ba.
Na ce na sani, tun Litinin kike wanke ɗaya sau uku.
Layi yana farawa kafin asuba, ga ruwan Agusta,
sai na ba ta rigar sanyina.
Da ta dawo ta miƙo mini wata takarda da ta yi laushi,
da allurar maƙalawa mai tsatsa:
arba'in da bakwai.
Ba ta ce komai ba. Tana da tarbiyya.

Daren Asabar muka cika rumfar Gambo,
masu baro, masu nama, har da ɗan sandan kwana.
Ga ta nan, ɗari uku da sha biyu,
rigata ta yi mata yawa a kafaɗa.
Ta ja numfashi daidai inda na koya mata
muna tsugune gaban baho.
Ta hau, ta hau, saura taki ɗaya ta kai ƙoli,
aka ɗauke wuta.

Gambo yana ta jan igiyar janareta, yana tsaki.
Cikin duhun nan wani baki ya ƙarasa baitin,
ya riƙe shi har ƙarshe bai yanke ba,
sai da na ji zafi a ƙirji na gane nawa ne.
Rumfa ta yi tsit.
Can Audi mai shayi ya ce, Maman Karas, ashe dai...
Na ce ashe me?
Kuɗin albasar jiya nake jira.